SHARHI: Kasuwancin lifta na kamfanin Otis, da abin da ya haɗa shi da gonakin Gezawa

A shekarar 2024 kamfanin Otis na ƙasar Amurka, wanda ya fi kowane kamfani girma a duniya wajen ƙera lifta da matakalar lantarki, ya yi cinikin dala biliyan 14.3. Kamfanin ya ce yana kula da na'urori kusan miliyan 2.4 a faɗin duniya, kuma mutanen da ke hawa na'urorinsa a kowace rana sun haura biliyan biyu. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka cewa sayar da sababbin na'urori ne ke kawo wa kamfanin arziki. Rahotannin kuɗinsa sun nuna akasin haka: kimanin kashi 60 cikin 100 na cinikinsa, da kusan kashi 90 cikin 100 na ribarsa, suna fitowa ne daga sabis da gyara da sabunta na'urorin da aka riga aka kafa.

A Ƙaramar Hukumar Gezawa kuwa, mutane da dama sun fara taka matakalar lantarki ne a Masallacin Harami, sun kuma fara shiga lifta a masaukin alhazai a Makka. A ido, babu abin da ya haɗa manomin Tumbau ko na Jogana da kamfanin da hedikwatarsa ke garin Farmington na jihar Connecticut. Amma akwai alaƙa, kuma ta ƙasa ce. Birnin da ya kasa miƙewa sama dole ya bazu a ƙasa, kuma ƙasar da Kano ke bazuwa a kanta gonakin mutane ce. Don haka yadda ake sayen lifta, da yadda ake kula da ita, da wanda ke sa ido a kanta, magana ce ta siyasar filaye.

Birkin da ya sauya fasalin birane

Tun kafin Elisha Graves Otis akwai na'urorin ɗaga kaya a masana'antu da ma'adinai. Matsalarsu ɗaya ce: idan igiya ta tsinke, komai ya rugurguzo ƙasa. Saboda haka kaya ake ɗora musu, mutum mai hankali ba ya hawa. Otis, wanda aka haifa a jihar Vermont a 1811, yana aiki ne a wata masana'antar ƙera gadaje a garin Yonkers kusa da New York lokacin da ya ƙirƙiro birki mai sauƙi. Muddin igiya na ɗauke da nauyi, wani ƙarfe mai lanƙwasa yana nan a danne. Da zarar ta tsinke sai ƙarfen ya miƙe ya cije haƙoran da aka jera a gefen hanyar na'urar, ta tsaya cak.

Ya kafa kamfaninsa a 1853, amma ciniki bai kankama ba sai bayan 1854, lokacin da ya hau na'urar a gaban jama'a a wani baje koli a New York, ya sa aka datse igiyar, na'urar kuma ta ƙi faɗuwa. A 1857 aka kafa liftar farko ta ɗaukar mutane a wani kanti mai hawa biyar a titin Broadway, tururi ne ke tuƙa ta. Otis ya rasu a 1861, 'ya'yansa Charles da Norton suka ci gaba da sana'ar. A 1889 na'urorin kamfanin suka shiga hasumiyar Eiffel a Faransa, a shekarar ne kuma ya fara kafa lifta mai aiki da lantarki. A 1898 aka haɗe kamfanoni da dama ƙarƙashin sunan Otis Elevator Company, sannan a baje kolin Paris na 1900 kamfanin ya nuna wa duniya matakala mai tafiya da kanta. Daga baya na'urorinsa suka shiga ginin Empire State a 1931, da Burj Khalifa na Dubai a 2010.

Abin lura a wannan tarihi shi ne tasirin birkin a kan darajar ƙasa. Kafin lifta, gini ba ya wuce hawa biyar ko shida, domin iyakar abin da ƙafar mutum za ta jure ke nan, kuma ɗakunan sama su ne mafi arha, na talakawa da barori. Da lifta ta haɗu da ginshiƙan ƙarfe a ƙarshen ƙarni na 19, sai fili ɗaya ya koma yana ɗaukar mutanen da a da sai fili goma, hawa na ƙoli kuma ya zama mafi tsada. Abin da Otis ya sayar wa duniya amana ce: tabbacin cewa wanda ya shiga akwatin ƙarfe a hawa na ashirin zai sauka da ƙafafunsa.

Inda kuɗin yake

Amana irin wannan ba a sayenta sau ɗaya a gama. Lifta na iya yin shekara 20 ko fiye tana aiki, amma sai ana duba birkinta da igiyoyinta da ƙofofinta da kwamfutar da ke sarrafa ta a kai a kai. A nan kasuwancin yake. Manyan kamfanonin wannan fanni, wato Otis, da Schindler na Switzerland, da Kone na Finland, da TK Elevator na Jamus, tare da na Japan irin su Mitsubishi Electric da Hitachi, suna gogayya mai zafi wajen sayar da sabuwar na'ura a kan riba kaɗan, domin kowace na'ura da aka kafa ƙofa ce ta kwangilar sabis ta shekaru masu yawa. Kamar mai sayar maka da doki ne a farashi mai rahusa, ya san shi ne zai riƙa kawo maka harawa har dokin ya tsufa.

Wannan tsari ne ya sa masu zuba jari ke rububin fannin. A 1976 kamfanin United Technologies ya mallake Otis, ya riƙe shi fiye da shekara 40, har zuwa Afrilun 2020 da aka ware shi ya koma kamfani mai cin gashin kansa a kasuwar hannun jari ta New York, ƙarƙashin shugabancin Judy Marks. A wannan shekarar ce kuma, ana tsakiyar annobar korona, kamfanin Thyssenkrupp ya sayar da sashensa na lifta ga wasu masu zuba jari a kan Yuro biliyan 17.2. Dalilin wannan farashi a bayyane yake: ko gini ya tsaya, ko tattalin arziki ya karye, doka a ƙasashen da suka ci gaba ta wajabta a duba kowace lifta, don haka kuɗin sabis ba ya yankewa.

An ga gaskiyar haka a Sin. Shekaru da dama ƙasar ita kaɗai ke sayen fiye da rabin sababbin liftocin duniya. Da harkar gine-gine ta ƙasar ta shiga rikici daga 2021, bayan durƙushewar kamfanin Evergrande, cinikin sababbin na'urorin Otis a can ya ragu sosai, amma ribar kamfanin ba ta rushe ba, domin ɓangaren sabis ya riƙe ta.

Haɗin bakin da Turai ta bankaɗo

Kasuwar da 'yan kamfanoni kaɗan suka mamaye tana da nata haɗarin. A Fabrairun 2007 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Otis da Kone da Schindler da ThyssenKrupp da reshen Mitsubishi na Turai jimillar Yuro miliyan 992, wadda a lokacin ita ce tara mafi girma da hukumar ta taɓa yankewa kan haɗin bakin 'yan kasuwa. Kason Otis ya kai kimanin Yuro miliyan 225. Binciken ya gano cewa tsakanin 1995 da 2004 kamfanonin sun riƙa raba kwangiloli a tsakaninsu da tsara farashi a Beljiyam da Jamus da Luxembourg da Holan. Cikin gine-ginen da abin ya shafa har da asibitoci da tashoshin jirgin ƙasa da ofisoshin ita kanta Tarayyar Turai. Hukumar ta yi nuni da cewa illar za ta daɗe shekaru masu yawa, saboda yawanci wanda ya kafa na'ura shi ne ke riƙe da sabis ɗinta.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan har ƙasashen da ke da ƙwararrun hukumomin sa ido sun shafe kusan shekara goma ana cutarsu ba su farga ba, ma'aikatar da ke ba da kwangila a Kano ko Abuja tana buƙatar ƙarin taka-tsantsan. Jami'in da ya sa hannu a kan sayen lifta bai sayi na'ura kawai ba; ya ɗaura wa baitulmali alaƙa ta shekara ashirin da wanda ke da kayan gyaranta da makullin kwamfutarta. Najeriya ta samu hukumar kula da gogayyar kasuwanci da kare masu saye, FCCPC, a 2019, kuma wannan fanni na daga cikin waɗanda suka cancanci ta zuba musu ido.

Najeriya: sayen na'ura, mantawa da sabis

Najeriya ba baƙuwar dogayen gine-gine ba ce. An kammala Cocoa House mai hawa 26 a Ibadan a 1965, da ginin NECOM mai hawa 32 a Legas a 1979. A Kano akwai Gidan Ado Bayero a Ƙofar Nassarawa, wanda ya zama mazaunin farko na Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012, akwai Gidan Murtala, akwai kuma tsohuwar hedikwatar Bankin Arewa. Mun iya ginawa, mun iya yanka zare a ranar buɗewa. Inda muke tuntuɓe shi ne daidai inda kamfanoni irin Otis ke samun ribarsu. Kasafin kuɗin gwamnatocinmu yana son sabon aiki, domin shi ne ake ɗaukar hotonsa, shi ne kuma ke da kaso mai tsoka; kuɗin kula da abin da aka riga aka gina shi ne farkon abin da ake yankewa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta amsa wannan rauni lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa na 11 kan kula da gine-ginen gwamnati a Afrilun 2022.

Sakamakon sakaci a wannan fanni rai ne. A ranar 1 ga Agusta, 2023, lifta ta ɓalle daga saman bene a gidan likitoci na Babban Asibitin Odan da ke tsibirin Legas, ta yi sanadin mutuwar wata matashiyar likita da ke dab da kammala aikin koyon sana'a. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kokawa kan na'urar. Ƙungiyar likitoci ta jihar ta shiga yajin aiki, Gwamnatin Legas kuma ta sallami kamfanin da ke kula da ginin, ta dakatar da shugaban hukumar kula da kadarorinta. Shekara 169 bayan Elisha Otis ya nuna wa duniya cewa lifta ba ta faɗuwa idan birkinta na da lafiya, an rasa rai a asibitin gwamnati ta hanyar da fasaha ta daɗe da magancewa.

A Arewa akwai ƙarin matsaloli biyu. Ta farko lantarki. Lifta na buƙatar wuta mai ɗorewa, ga kuma janareta ko batir da zai sauke mutane idan an ɗauke. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Tun Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wuta ga masu rukunin A fiye da sau uku, zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni a farkon ƙarin. Ta biyu canjin kuɗi. Na'urar da kayan gyaranta duk daga waje ake shigo da su, kuma dala ta tashi daga kusan Naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Mai gini da ya ga wannan lissafi, sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya tsaya a hawa biyu, ko ya nemo na'ura mafi arha ya danƙa ta ga makanikin da bai da horo.

Wanda ke biyan kuɗin rashin hawa sama

Yawancin masu gini a Kano sun ɗauki zaɓi na farko, kuma a nan ne Gezawa ta shigo. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutane fiye da 280,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita tun a wancan lokaci. Yankin na cikin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, wadda masana irin su Michael Mortimore suka shafe shekaru suna nazarinta, har ƙauyen Tumbau ya shiga littattafan ilimin noma na duniya. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da hutu ba, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, ga ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki: na dabbobin gida, da wanda jakuna ke ɗebowa daga birni bayan sun kai itace. Birni da ƙauye suna ciyar da juna.

Yanzu alaƙar ta sauya. Duk wanda ya bi titin Haɗeja ya nufi Jogana zai ga yadda shingayen bulo da duwatsun alamar fuloti ke maye gurbin kunyoyi. Lissafin mai sauƙi ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 500 ba. Idan aka cire tituna, hekta guda ba za ta ba da fiye da fuloti 15 zuwa 16 ba. Wato duk iyalai dubu da suka samu matsuguni a irin wannan tsari sun cinye gona sama da hekta 60, kuma gonar da aka zuba wa siminti ba ta dawowa. Hatta manyan rukunin gidajen da gwamnati ta gina a gefen birni, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, a shimfiɗe aka tsara su.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ƙara raunana manomi a wannan ciniki. Ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da bishiyoyi da gine-ginen da ke kai, ban da ita kanta ƙasar. Manomin da ya ji ƙishin-ƙishin za a yanka yankinsu yakan gwammace ya sayar wa dillali tun da wuri. Kuɗin kan ƙare cikin shekara biyu ko uku, a aure ko babur ko kujerar Makka, 'ya'yan da za su gaji gonar kuma su koma leburan gini a kan ƙasar kakanninsu.

Adalci ne a faɗi cewa lifta ba ita kaɗai ce mafita ba. Gini mai hawa uku ko huɗu na iya tsayuwa ba tare da ita ba, kuma shi kaɗai zai rage cin gonaki matuƙa. Akwai kuma al'ada: Bahaushe na son zaurensa da tsakar gidansa, yana ƙin benen da zai leƙa iyalin maƙwabci, kuma wannan damuwa ce da mai zanen gini ya kamata ya girmama. Sannan rushewar bene mai hawa uku a titin Beirut na Kano a Agustan 2022, da na mai hawa 21 a Ikoyi a Nuwamban 2021, sun nuna cewa hawa sama ba tare da sa ido ba kabari ne. Amma asibitoci da ofisoshi da kasuwanni da jami'o'i da gidajen haya na tsakiyar birni za su iya miƙewa sama, su rage matsin da ke kan karkara, idan har akwai na'urar da jama'a suka amince da ita.

Abin da doka ta riga ta ce

Akwai wani ɓangaren jama'a da lifta ba ado ba ce a gare su. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar da hanyoyin shiga, har da lifta inda ake buƙata, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara tsofaffin gine-gine. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Dokar ta kuma hana amincewa da zanen ginin jama'a da bai tanadi waɗannan hanyoyi ba. Gurgun da ya taso daga Wangara zuwa wani ofishi a birni, ko tsohuwar da aka turo daga asibitin Gezawa zuwa babban asibiti, idan aka ce musu abin da suke nema na hawa na huɗu kuma na'ura ba ta aiki, haƙƙinsu na doka aka tauye.

Daga tarihin Otis da kasuwancinsa, matakai huɗu sun fito fili ga Kano. Na farko, kada a sake ba da kwangilar lifta a ginin gwamnati sai an haɗa ta da yarjejeniyar sabis ta shekaru, an bayyana farashinta tun farko, an kuma ware mata layi a kasafin kuɗi. A sharɗanta cewa kamfanin zai miƙa bayanan na'urar ta yadda wani ƙwararre zai iya karɓar aikin idan an saɓa. Na biyu, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta buɗe rajistar dukkan liftocin da ke jihar, a riƙa duba su lokaci-lokaci, a liƙa takardar shaida mai kwanan wata a cikin kowace na'ura inda kowa zai gani. Na uku, kwalejojin fasaha na jihar su fara horar da makanikan lifta. Tunda ribar wannan fanni a sabis take, kuma sabis aikin hannu ne da ba a shigo da shi cikin kwantena, wannan shi ne kason kasuwancin da matasan Kano za su iya riƙewa. Na huɗu, tsarin birni ya fayyace unguwannin da za a ƙarfafa gini sama, ya kuma shata gonakin da ba za a yanka ba.

Masu karatu ma na da rawar takawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya tambayi nawa aka sayi liftar gininta, wane kamfani ke kula da ita, kuma yaushe aka duba ta na ƙarshe. Irin waɗannan tambayoyi ya kamata a riƙa yi wa 'yan majalisar jiha da masu neman kujerar gwamna, tare da wata da ta fi su nauyi: hekta nawa ta gona birnin Kano ke cinyewa a kowace shekara, kuma wa ya amince da hakan?

Kano za ta ci gaba da ƙaruwa, wannan babu makawa. Abin da ke hannun masu mulki shi ne alƙiblar da za ta bi. Idan aka gina amanar da za ta sa mutane su hau bene cikin natsuwa, birnin zai samu wurin faɗaɗa a samansa. Idan aka bar abin yadda yake, manomin Gezawa ne zai ci gaba da biyan kuɗin, kunya bayan kunya.